Shiru Iri Biyu

Shiru iri biyu ne, kuma duk wanda ya zauna tsakanin Sabon Birni da Isa a 'yan shekarun nan ya san na farko. Shi ne wanda ke sauka a gari bayan isha'i, kowa ya kwanta amma babu mai barci, kunnuwa suna can bakin daji suna jiran ƙarar babura. Karnuka in sun yi haushi gaba ya faɗi, in sun yi tsit gaba ya ƙara faɗuwa. Na biyu shi ne wanda mu Kiristoci muke nema da sassafe: mutum ya keɓe da Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a, sa'an nan ya kame bakinsa ya saurari Ubangiji. Kunne ɗaya ne ke yin aikin biyu. Abin da ya ɗauke mu shekaru shi ne koya wa kunnen da ya saba da na farko yadda zai shiga na biyu.

Mu ƙaramin gida ne, miji da mata da yara biyu da Mama. Aikin jinya ne ya kawo marigayi Baba Unguwar Lalle daga wajen Malumfashi, muka tashi a cikin Gobirawa, harshenmu har ya koma nasu. Kiristoci a wannan yanki ba su da yawa, amma ba baƙi ba ne a ƙasar Gobir. A Tsibiri, tsallaken iyaka kusa da Maraɗi, akwai tsohuwar tashar mishan ta SIM, kuma tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da Hausa muka gaji addu'a, da ita muke yi.

Abincin gidanmu kuwa daga rubuta manhaja yake fitowa. Da kwamfuta da farantin sola da sabis ɗin waya muke yi wa mutanen Kano da Abuja aiki. Wannan sana'a ta nuna mana abin da yawancin masu riƙe waya ba sa gani: ƙarar nan da ke cewa saƙo ya shigo, da jan ɗigon da ke saman hoton manhaja, mutum ne ya zauna ya tsara su domin su fizge hankali. Mu ma mun rubuta irinsu. Saboda haka da aka ce a watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, aikinmu ya tsaya cak, sai muka ce to, aƙalla ga shirun da ake nema ya zo har gida.

Wayar ta yi shiru, zuciya ba ta yi ba. Mutum ya buɗe Zabura, idonsa na kan aya, hankalinsa na kan hanyar Goronyo ko kan ɗan'uwan da ya tafi kasuwa bai dawo ba, ga shi babu halin kira. Tun harin watan Mayu na 2020, wanda ya ci rayuka fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, kowane gida ya koyi kwana da kunne ɗaya a buɗe. A nan muka gane cewa hayaniyar waya ƙarama ce. Babbar tana ciki, sunanta tsoro, kuma babu gwamnatin da za ta iya katse ta.

Maƙwabtanmu Musulmi ne suka ba mu bakin zaren, ba tare da sun sani ba. Komai munin daren, ladan zai kira asuba, dattijon da ke jikin katangarmu zai ɗauki butarsa. Bayan salla yakan zauna a kan buzunsa da carbi har gari ya waye. Wata rana Mama ta gaishe shi da kwanan zullumi, ta ce, "Malam, ko jiya da aka yi ta harbi ka fita?" Ya ce, "Uwar gida, ai lokacin ba nawa ba ne balle in ɗaga shi." Mama ta shigo ta maimaita mana maganar, ta ƙara da cewa Daniyel ma sau uku yake durƙusawa a yini, kuma ranar da aka kafa dokar hana shi bai canza lokacinsa ba. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa yana tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da babu kowa. Daga ranar muka ɗaura lokacinmu a jikin kiran asuba. In ladan ya kira, mu ma mu tashi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Tsarin bai da tsawo, minti 20 ne zuwa 30. Kowa da kusurwarsa da tabarmarsa da tocila. Littafin takarda muke buɗewa, domin na cikin waya maƙwabcin saƙonni ne da labarai. Zabura ɗaya a rana, 150 ɗin su ƙare cikin wata biyar a sake komawa farko, sai ayoyi kaɗan daga Bishara. Muna karantawa da murya ƙasa-ƙasa, saboda abin da baki ya furta ya fi zama a kai. Sai addu'a, kuma a nan muka sa wa kanmu ƙa'ida: tsoro ne za a fara ajiyewa, da sunansa. Hanya kaza, mutum wane da aka ɗauke, harajin da aka ɗora wa ƙauye kaza, gonar da ba a iya zuwa girbi ba. Filibiyawa 4 ta koya mana a kai damuwa gaban Allah tare da godiya. Tsoron da aka kira da suna yakan rage motsi.

Sa'an nan a yi shiru na minti biyar. Wannan ne mafi wuya. A makonnin farko kukan jaki ma yakan sa mutum ya zabura. Ba mu yi faɗa da kunnenmu ba. In ya tafi bakin daji, sai mu dawo da shi da kalma ɗaya daga abin da muka karanta, ya sake tafiya mu sake dawo da shi, kamar yadda ake yi da akuyar da ba ta saba da turke ba. Annabi Iliya ma a guje yake, ana neman ransa, lokacin da ya isa Dutsen Horeb. Iska da girgizar ƙasa da wuta suka wuce, a cikin sanyin da ya biyo baya ne ya ji Ubangiji. Wannan labari na 1 Sarakuna 19 ya ƙarfafa mu, domin ya nuna ba a jiran zaman lafiya kafin a saurara.

Me ake ji? Mu dai ba mu taɓa jin murya daga sama ba. Aya ce takan tsaya a zuciya ta ƙi tafiya, ko sunan wani ya faɗo. Muna rubuta shi layi ɗaya a ɗan littafi, da kwanan wata. A sana'armu ba a sakin manhaja sai an gwada ta, haka ma wannan: a auna shi da Littafi Mai Tsarki, a bar shi ya kwana, in babba ne a kai wa fasto ko Mama. Tsoro ma ya iya kwaikwayon muryar Allah, fushi kuma ya fi shi iyawa.

Abin da ya tsallake gwajin yawanci ƙarami ne, kuma yana da nauyi. Je ka yi wa wane ta'aziyya. Ki kai wa waɗanda suka gudo daga ƙauye kwanon gero. Mafi nauyi shi ne umarnin da ke Matiyu 5 na yi wa maƙiyi addu'a. Ya zauna mana a wuya kwana da kwanaki, a lokacin da gari ya fara kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya. Da muka iya buɗe baki muka roƙa wa yaran da ke riƙe da bindiga shiriya, sai Mama ta aika aka kira Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda mutane suka daina saye a wurinta. Ita ma an kore mata shanu, an kashe mata ɗa.

Maganar barin gari ma a cikin ɗan littafin nan ta nuna. Wasu maƙwabta sun tsallaka Gidan Rumji a Nijar, wasu sun zauna, kowa da hujjarsa. Mun yi wata uku muna kai ta gaban Ubangiji kowace asuba kafin muka kwaso yara zuwa birnin Sakkwato. Ba mu ce an yi mana wahayi ba. Abin da muka sani shi ne mun yanke shawarar a zaune, ba a guje ba, kuma mun sallami kowa gida-gida.

Yanzu sabis ya wadata, aiki ya dawo, saƙonni suna jira tun kafin gari ya waye. Wayar takan kwana a falo, ba a taɓa ta sai an rufe Littafi. Babbar 'yarmu, mai shekara tara, ta fara shimfiɗa tata tabarmar. Minti biyu take iyawa, kuma Mama ta ce kada wanda ya ƙara mata ko ɗaya sai ta nema da kanta.