Daga Biyoko Zuwa Sawo Tome

Daga Duwala muka tashi zuwa Malabo da ke tsibirin Biyoko. Kafin mutum ya gyara zama a jirgi, sai ga dutsen Basile ya ɓullo daga cikin gajimare, tsayinsa ya haura mita 3,000. Shi da Dutsen Kamaru da muka baro 'yan gida ɗaya ne: aman wutar ƙarƙashin ƙasa ne ya haife su, a jerin duwatsun da ya faro daga cikin teku ya miƙe har tsaunukan Adamawa. Tsibiran Biyoko, Pirinsipe, Sawo Tome da Annobon duk a kan wannan jerin suke.

A dajin kudancin Biyoko, tun asuba birai ke cika kunne da kuka. Akwai gada, akwai kuma wani ƙaton biri mai baƙar fuska irin wanda ake samu a dazukan Kuros Riba. Ba iyo suka yi suka zo ba. Ruwan da ke tsakanin tsibirin da gaɓar Kamaru bai kai zurfin mita 100 ba, don haka a zamanin ƙanƙara, da teku ya janye, busasshiyar ƙasa ce ta haɗa su. Dabbobi suka tako da ƙafarsu. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya dawo ya datse hanyar.

A Sawo Tome labari ya sha bamban. Teku mai zurfin fiye da kilomita ɗaya ya kewaye shi, bai taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Duk abin da ya iso, ko iska ce ta kawo shi, ko fuffuke, ko igiyar ruwa. 'Yan ƙalilan ɗin da suka dace sai suka tarar da fili babu abokin gasa, suka sauya kama. A gandun dajin Obo, wanda aka keɓe a 2006, mun ga wani tsuntsu mai shan ruwan furanni da ya fi duk danginsa na duniya girma, da wata shuka wadda ake dasa 'yan uwanta a tukunya, amma a nan ta fi mutum tsayi.

Kwaɗin tsibirin ne suka fi ɗaure mini kai, domin ruwan gishiri ajalin kwaɗo ne. Masana na ganin a kan tarin itatuwa da ciyayi suka zo, waɗanda ambaliyar manyan koguna irin Kwango ke yankowa ta tura cikin teku.

Mun ga birai a nan ma, amma baƙi ne. Bayan isowar Turawan Fotugal wajen 1470, jiragen ruwa suka shigo da su, har da ɓeraye da kyanwoyi. Shingen da zurfin teku ya tsare shekaru miliyoyi ya faɗi cikin ƙarni biyar, kuma tsuntsayen da suka tashi ba su san maƙiyi ba su ne ke ɗanɗana kuɗarsu a yau.