Mun Tare A Agege, Gidan Da Ba Shi Da Zaure

Yau wata goma ke nan tun da na kwaso iyalina daga Kano muka tare a Agege, cikin Jihar Ikko, inda aiki ya jefo ni. Tun daga ran nan da wuya mako ya wuce wani bai bugo waya daga gida ya tambaye ni yaya Kurmi ba. Nakan ce lafiya lau, domin haka aka saba amsawa. To, amma akwai mutum guda wadda wannan amsa ba ta gamsar ba, watau mahaifiyata. Ran da za mu taso, bayan an gama ɗaure kaya, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai namiji ne, ko a bakin kasuwa ka iya kwana. Amma 'yar mutane da jikokina amana ne. Zan ba ka 'yan watanni, sa'an nan in zo in gani da idona. In na tarar ba gida ka kai su ba, ƙafata ƙafarsu." Wanda ya san Inna ya san ba ta faɗin magana sau biyu.

Bari in fara da garin. Agege tana maƙwabtaka da Ikeja, hedkwatar jihar, kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, har yaranmu sun daina ɗaga kai in jirgi ya wuce. Asalin ƙasar ta Awori ce, wani reshe na Yarbawa. Abu biyu suka kawo Bahaushe nan, dogo da goro. A zamanin kakanni fatake sukan yi wata da watanni a hanya da jakunansu kafin su kai Gwanja, cikin ƙasar Ghana ta yanzu, su saro goro. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, ta kai Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, sai ciniki ya sake hanya. Manoman wannan yanki suka dasa irin goron da mutanenmu ke so, fatake kuwa suka ga abin da ake shan doguwar tafiya dominsa ga shi nan a bakin tasha. Suka sauka suka yi zango, zango ya zama unguwa, unguwa ta yi limamai da makarantun allo da sarkinta. Har yau akwai Sarkin Hausawan Agege, kuma in ka ratsa unguwannin mutanenmu da almuru, ka ji ƙamshin tsire da balangu, ka ji ana zolayar mai shayi, sai ka rantse a Fagge kake.

Gonakin goron sun daɗe da zama gidaje, amma garin bai rasa abin tinƙaho ba. Ga babbar mahauta a Oko-Oba, inda ake sauke shanun Arewa dare da rana. Ga makarantar Markaz, wadda Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abekuta a 1952, daga baya ya dawo da ita nan, ta yaye malaman Larabci masu yawa a ƙasar Yarbawa. Ga gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021, ga kuma jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege. Duk ran da na tuna azabar cunkoson motoci, shi nake hawa.

Neman gida a Ikko kuwa sai wanda ya yi. Dokar haya da jihar ta yi a 2011 ta hana mai gida neman kuɗin fiye da shekara guda a hannun sabon ɗan haya, amma kafin ka sallami dillali da mai rubuta yarjejeniya, ka ajiye kuɗin ɓarnar da ba ka riga ka yi ba, sai ka ji aljihu ya yi fayau. A ƙarshe na sami ɗaki biyu da falo a saman wani bene. Mai gidan wata dattijuwar Bayarabiya ce, kowa Alhaja yake ce mata, tana zaune a ƙasa, a inda ba mai hawa ko sauka ba ta gan shi ba.

Ran da muka tare, uwargida ta zagaya ko'ina ta dawo ta ce, "Malam, ina zauren?" Na yi dariya, ashe ba abin dariya ba ne. A gidanmu na Kano baƙo namiji a soro yake tsayawa, a shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwa da abinci, mata kuwa suna can tsakar gida suna sha'aninsu. A nan ƙofa guda ce, in ka buɗe ta ka faɗo falo, daga falo kana hango murhu. Ba soro, ba tsakar gida, ba inda mace za ta zauna ta yi tsifa ta sha iska.

Sannu a hankali muka koyi zaman wurin. Ruwa na rijiyar burtsatse ne, sai an kawo wuta ake tura shi tanki, saboda haka ko tsakar dare aka kawo sai ka ji gida ya ɗauki ƙarar bokitai. Da sassafe mata masu talla sukan ratso layi da burodin nan na Agege mai laushi da nauyi, tare da wake da aka dafa luguf da baƙar miyar barkono, wanda suke kira ewa agoyin. Yaranmu suka ɗanɗana sau ɗaya suka manta da koko da ƙosai. Da damina ta kankama a watan Yuni da Yuli, wanki ya riƙa kwana uku bai bushe ba, kukar da muka zo da ita ta dunƙule, daddawa ta yi funfuna, takalmana na fata suka yi fari fat. Daga nan uwargida ta daina ajiya irin ta gida, ta koma sayen kaɗan-kaɗan, in ta so sari kuwa mu je kasuwar Mil 12, inda tumatir da tattasai da albasar Arewa ke sauka.

Amma abin da ya fi damuna a farko shi ne kaɗaicinta. A Kano ba ta rasa barka ko suna ko dubiya, gidan iyayenta kuwa tafiyar A Daidaita Sahu guda ce. A nan in na fita da asuba sai bayan lisha. Wata rana na dawo na tarar da ita a bakin taga, ta ce mini, "Yau kwana huɗu ban yi magana da wani babba ba in ba kai ba." Azumi ne ya fara buɗe mata ƙofa. Ta dama kunun gyaɗa ta aika wa Alhaja da sauran maƙwabta, Musulminsu da Kiristansu, kwanukan kuwa ba wanda ya dawo wayam. Ta haka muka san amala da miyar ayoyo, wadda suke kira ewedu, ita kuma ta sami masu ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Bayan ƙaramar Salla sai labari ya bazu a gida cewa ɗan wance ya yi gida a Ikko. Jama'a, sai baƙi. Wannan ya zo neman biza, wancan ya zo fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani ya rako shanu, wani ma cewa ya yi ya zo ganin teku. Ana cikin haka sai ga ɗan yayana da jakarsa, wai ya zo acaɓa. Bai san cewa tun a 2022 gwamnatin jihar ta hana wannan sana'a a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni, ta ƙara huɗu a watan Satumba ba, ga kuma kamen babura. Ya rasa abin yi, ya shimfiɗa katifa a falo, ya yi mako bakwai.

A nan ne rashin zaure ya nuna kansa. Muddin akwai baƙo a falo, uwargida tana ƙunshe a ɗaka da yara, in za ta ɗora tukunya sai ta sa hijabi ta ratsa ta gabansa. Alhaja kuwa ashe ƙirga takalman bakin ƙofarmu take yi. Ta tare ni a gindin bene ta ce mutum huɗu ta ba haya, yanzu tana ganin takalman mutum tara, ruwa ba ya isa, ramin masai kuma da kuɗi ake kwashe shi, in haka za mu ci gaba in nemi wani gida in shekara ta cika. A daren nan uwargida ta ce, "Malam, da ina kukan rashin mutane, yanzu ina kukan wurin zama. Ni ce baƙuwa a gidan nan." Na kwana ina juyi. In na kori baƙi, a ce a gida Ikko ta cinye ni, na yar da zumunci. In na ƙyale, in rasa gidan, in kuma rasa amsar da zan ba Inna.

Da ɗan gari akan ci gari. Na tafi wurin wani tsohon fatoma da muke haɗuwa a masallaci, wanda ya zo Agege yana saurayi kafin yaƙin basasa. Na tarar da shi a rumfarsa yara suna zaɓen goro, suna ware marsa daga minu, suna jera shi cikin ganye suna ɗaure huhu. Da ya gama saurarona sai ya ce, "Ɗana, ai iyayenmu sun gama wannan lissafi tun ba a haife ka ba. Fatoma bai taɓa sauke baƙo a ɗakin matarsa ba, masauki dabam, gida dabam. Shari'a ma kwana uku ta ba baƙo, abin da ya ƙaru sadaka ne. Bayan kwana uku ba kora ake yi ba, hanya ake nuna masa." Nan take ya ce in turo masa yaron. Washegari ɗan yayana ya fara aikin ɗaurin huhu, ya sami wurin kwana cikin samarin rumfar, ga shi yanzu har aike yake yi wa uwarsa.

Da zan tashi tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "Wata uku na zo yi. A nan na yi aure, a nan na binne abokaina, ba na kuwa nadama. Kuskurena guda ne, ban riƙa kai 'ya'yana gida suna ƙanana ba. Yau in sun je garin ubansu sai an nuna musu ƙofar gidanmu." Wannan magana ta fi ta farko zama mini a rai.

Na koma na roƙi Alhaja wata 'yar baranda da ke gindin bene, inda ake jibge tsofaffin tayoyi. Ta yarda, bisa sharaɗin in riƙa share ta. Na sa benci da tabarma da buta. Tun daga ranar baƙo namiji a nan yake sauka, a nan muke cin abinci mu yi hira, mai kwana kuwa tun a waya nake gaya masa kwana nawa zan iya, da inda zan kai shi bayan haka. Waɗansu sun ji haushi, ban musa ba. Amma masu hankali sun gane.

A watan Agusta Inna ta cika alkawari. Ta ƙi jirgin sama, ta hau motar safa daga Sabon Gari, ta Kaduna da Makwa, ta haye gadar Jebba, ta Ilori da Badun, ta iso da kumburarrun ƙafafu da buhun gero da man shanu da kuka sabuwa. Tana shiga babbar 'yarmu ta zube a kan gwiwoyinta biyu ta ce "ekabo", watau sannu da zuwa, yadda ta ga 'ya'yan maƙwabta suna yi. Inna ta dube ta, ta dube ni, ba ta ce kome ba. Gabana ya faɗi.

Da la'asar sai ga Alhaja ta hau da kwanon abinci. Ita ba Hausa, Inna ba Yarbanci, na matso zan yi tafinta suka nuna ba su bukata. Da suka yi murmushi kowacce ta hango haƙorin Makka a bakin 'yar'uwarta, shi ke nan. Alhaja ta ce alafiya, Inna ta ce lafiya. Aka nuna yara aka ce alubarika, Inna ta ce albarka. Aka zo kan adua da alubosa, duk ba wadda ta ɓata. Can sai Alhaja ta nuna bakin ƙofa, ta ƙirga yatsu tara, ta kama kai ta ce wahala. Inna ta yi dariya har da hawaye, sa'an nan ta juyo gare ni ta ce, "Matar nan ta fi ka gaskiya. Ashe kuku ka mai da 'yar mutane."

Kwana goma sha biyu ta yi. Ta leƙa makarantar Islamiyyar da uwargida ke zuwa, ta bi ta barkar haihuwa a gidan wata maƙwabciya, ta je ta gai da iyalin tsohon fatoma, kullum da hantsi kuma tana baranda ita da Alhaja suna hirarsu ta hannu. Daren da za ta koma ta kira surukarta ɗaka suka rufe ƙofa, ni aka bar ni da yara a falo.

A tasha, mota tana shirin tashi, ta leƙo ta taga ta ce, "Na bar maka su. Amma abu biyu. A cikin ɗakin nan Hausa za a riƙa yi, su koyi Yarbancinsu a waje, ba laifi ba ne. Kuma duk dogon hutu a kawo mini su Kano, ko kana da kuɗi ko ba ka da shi." Na ce na ji, na ɗauka. Ta tafi da ƙwaryar goro da tsohon ya ba ta, da burodin Agege guda huɗu na tsarabar maƙwabta.

To, 'yan'uwa masu shirin kai iyali Kurmi ko wani gari mai nisa, kafin ku dubi fenti da tayil ku fara tambayar inda baƙo zai zauna, da wadda matarku za ta gaisa da ita in kun fita. Ku kuma masu zuwa ziyara, ƙofa a buɗe take, zumunta a ƙafa take, amma a bugo waya tukuna. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su, amin.