Mai Shelar Ridda Shi Ma Abin Bincike Ne

Duk wanda ya tashi a ikilisiya, kamar yadda na tashi, ya sha jin wa'azin ƙarshen zamani: annabawan ƙarya za su yawaita, ƙaunar mutane da yawa za ta yi sanyi, wasu za su yi ridda, ceto kuwa na wanda ya jimre ne. Koyarwar tana cikin Matiyu sura 24, Manzo Bulus ma ya maimaita ta a wasiƙunsa. Ban taɓa shakkar ta ba. Abin da ke damuna shi ne yadda gargaɗin da aka yi domin kare garke ya koma sanda a hannun kerkeci.

Dabarar mai sauƙi ce. Mutum zai miƙe ya ce dukan ikilisiyoyi sun yi ridda, saura shi da 'yan tsirarun da ke gabansa. Daga ranar, duk wanda ya yi masa tambaya ya zama shaidar cikar annabci. Uwa ta zo neman ɗanta, a ce Shaiɗan ne ya aiko ta.

Haka aka yi a Kanungu ta ƙasar Uganda. Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde sun tsayar wa mabiyansu ranar tashin duniya, mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin. Shekarar 1999 ta ƙare, gari ya waye kamar kullum. Ran 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwa a cikin majami'a, daga baya aka tono wasu gawarwakin a gidajen ƙungiyar. Adadin ya haura 700. A 2023 kuma aka tono fiye da gawa 400 a dajin Shakahola na Kenya, inda ake tuhumar Paul Mackenzie da umartar mabiyansa su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Kada mu ce abin na nesa ne: a Yulin 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77, har da yara, daga wata majami'a a garin Ondo, suna zaman jiran fyaucewa.

Abin mamaki, littafin da waɗannan mutane ke ɗagawa shi ne ke ƙaryata su. Almasihu ya faɗa a sarari cewa ranar ba wanda ya san ta, ko mala'iku. Da wasu a Tasalonika suka ajiye sana'a, Bulus ya tsawata masu, ya umarce su su koma neman abincinsu, ya tuna masu cewa shi kansa da guminsa ya ci a cikinsu. Jimiri a wurinsa ya haɗa da tashi da safe a tafi aiki.

Shi ya sa idan ɗalibaina Kirista suka turo mini sautin wani "annabi" ta WhatsApp, ba na fara jayayya da su a kan ƙahonin dabbar Wahayin Yahaya. Tambayarsu nake yi: wa ke duba littafin baikon mutumin nan? Akwai dattawan da za su iya dakatar da shi? Ya hana yara makaranta ko marasa lafiya asibiti? Mackenzie ya daɗe yana wa'azin ƙin boko da magani, har an gurfanar da shi a kotu a kan haka tun 2017, shekara shida kafin a tono kabari na farko.