Damisa Ƙi Sabo

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata waƙa ta Turanci da nake so ku yi tunani a kanta. Leslie Norris, mutumin Wales, shi ya tsara ta bisa wata damisar Asiya mai zane-zane, wadda aka kulle a gidan namun daji. Mutane na ta zuwa kallo, ita kuwa ko ta dube su. Sai kai da komowa take yi cikin keji, tana haɗiye fushi.

Duk sa'ad da na karanta, kirarin nan namu ke faɗo mini a rai: damisa ƙi sabo. Dabbar da Allah ya halitta don dawa mai faɗi, ina za ta saba da ɗaki mai taku kaɗan?

Masu gidajen nan suna da hujja, ban raina ta ba. Sun ce ko a dawa ba ta tsira ba. Gaskiyarsu, gama a 2010 waɗanda suka rage a daji duk duniya kamar 3,200 ne, na tsibiran Bali da Jawa kuwa sun ƙare ƙaf. Amma ku dubi Indiya. Ta hana farautarsu, a 1973 ta keɓe musu dazuzzuka, har ƙidayar 2022 ta sami fiye da 3,000. Watau dajin ya kamata a tsare, dabbar a bar ta ta wala.

To, kai mai kanari a keji, ka saurari kukansa da kyau. Waƙa yake maka, ko ƙararka yake kaiwa? Allah ya sa mu gane, amin.