Bagega: Garin da Ƙasarsa Ta Zama Guba, da Darasin Masu Zane na Amurka

Idan ka tashi daga Gusau ka yi yamma har Anka, garin Sarkin Zamfara, sauran tafiyar zuwa Bagega ta kudu ce, cikin daji. Da damina gero da dawa kan rufe gefen hanya, da rani kuma ba abin da ido ke gani sai jar ƙasa da ƙura da itatuwa jefi-jefi. A shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta sa ba a bin hanyar nan da wasa, don haka yawancinku ba za su je ba. Amma ya kamata ku san garin, domin babu inda ya fi shi koya wa ɗalibi darajar ƙasar da yake takawa.

Bagega gari ne na manoma, kamar dubban garuruwan ƙasar Hausa: katangun ƙasa, zauruka, rumbuna, yara na wasa a tsakar gida. Abin da ya bambanta shi yana ƙarƙashin ƙasa. Duwatsun yankin Anka da Bukkuyum suna ɗauke da zinare. Da farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya daga wajen 2008, sai jama'a suka duƙufa haƙa. Ana kawo dutsen gida, a farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, a shanya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dutsen nan cike yake da dalma.

Dalma ba ta wari, kuma idan ta gauraya da ƙura ido ba ya rarrabe ta. Ƙurar niƙan ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a kan kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa, kun san hannunsa ba ya rabo da baki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, wadda ake kira Likitoci Na-gari Na-kowa, suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan yankin bayan amai da jijjiga. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Allah Ya jiƙansu. Wasu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, abin da ke sa karatu ya yi wa yaro wuya har girmansa.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole sai an fara wanke garin. Yadda ake yi kuwa, ana kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, a ɗura a buhuna, a kai wani rami a bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wanda ya fi su girma, ya yi ta jira saboda kuɗi ba su fito ba, yara kusan 1,500 suna zaune cikin haɗari. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal na ƙungiyar Follow The Money suka tayar da gangami a intanet, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin a shekarar. Cikin masanan da suka jagoranci aikin akwai na kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka koyi sana'ar a garuruwan ma'adinai na ƙasarsu, inda dalma ta taɓa cutar da yaran Amurkawa su ma.

Ke nan, wanda ya shiga wani gida a Bagega bayan aikin, ya ga tsakar gida a share, ƙasar da yake takawa baƙuwa ce, daga wani wuri aka kawo ta. Amma ba abin da zai nuna masa haka. Sabuwar ƙasa da tsohuwa kamarsu ɗaya. Yaron da aka haifa a 2013 yanzu ya kai shekarun shiga sakandare, kuma sai dai a ba shi labari. To, yaya ake sa mutane su ga abin da ido ba ya gani, su kuma riƙa tunawa da shi? Wannan tambayar ce wasu masu zane na Amurka suka shafe shekaru suna amsawa, don haka bari mu leƙa can.

A Amurka akwai masu fasahar da ba su tsaya ga takarda da ɗakin nuni ba, filin Allah ne allonsu. A 1970 Robert Smithson ya jera duwatsu da ƙasa a cikin wani tafkin gishiri a jihar Utah, suka yi naɗi kamar gammo. A 2016 kuma Ugo Rondinone, haifaffen Suwizalan mazaunin New York, ya ɗora manyan duwatsu kan juna a hamadar Nevada kusa da Las Vegas, ya yi hasumiya bakwai, kowacce ta kai wajen ƙafa 30, ya shafa musu ja da rawaya da shuɗi da kore masu ɗaukar ido. Babu siffar mutum ko ta dabba a ciki, dutse ne da launi kawai. Amma matafiyin da ya saba wuce hamadar nan a guje, yanzu yakan tsaya ya dube ta.

Wanda aikinsa ya fi kusa da Bagega shi ne Mel Chin, mutumin Texas. A 1991 ya je wata tsohuwar bola mai guba a jihar Minnesota, tare da wani masanin tsirrai, Rufus Chaney. Suka kewaye fili da shingen waya, da'ira a cikin murabba'i, suka shuka wasu tsirrai masu zuƙo ƙarafa masu guba daga ƙasa ta saiwoyinsu. Ya kira aikin Revival Field, wato filin farfaɗowa. A wurinsa, yadda masassaƙi ke rage itace har turmi ya fito, haka tsirran ke rage guba har ƙasa mai kyau ta fito.

Bayan guguwar Katrina ta 2005, Chin ya ziyarci birnin New Orleans, ya tarar ƙasar unguwanni da yawa tana da dalma, kuma yaran talakawa ne ke shan wahalar. Sai ya kawo dabara: a ba kowane ɗan makaranta takarda mai girman kuɗi, ya zana dala 100 tasa ta kansa, da launin da yake so. Yara dubu ɗaruruwa suka zana. Aka tara takardun domin a nuna wa 'yan majalisar Amurka, a matsayin kiran yara cewa a kashe kuɗi na gaske a kawar da dalma. Yaro ba ya jefa ƙuri'a, amma ga shi zanensa ya yi magana a madadinsa.

Kada ku ɗauka wannan fasaha baƙuwa ce a wurinmu. Bahaushe ya daɗe yana zane a sarari. Ku dubi zanen dagi a fuskar zauruka a Kano da Zariya da Damagaram, da zankwayen da ke kan soraye, da aikin Babban Gwani wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da ƙasa magina suka yi duk wannan, suna shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa, suna ƙawata shi da farar ƙasa da ja. Mutanen da gidansu da tukunyarsu da rumbunsu duk na ƙasa ne, su suka fi kowa asara idan ƙasa ta lalace.

Saboda haka ga aiki gare ku, ko kuna Anka ko Gummi ko Bukkuyum ko wani gari. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku zaɓi bango ɗaya. Ku zana saƙon da ko wanda bai yi boko ba zai gane: ba a niƙa dutsen zinare a gida, mai dawowa daga haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Ko ku jera duwatsu a da'ira a filin makaranta, ku shuka itace a tsakiya don tunawa da yaran 2010.

Amma a kula. Kada ku ɗebo dutse ko ƙasa daga ramin haƙa ko wurin niƙa, komai kyan launinsa. Kuma wasu fentin mai da ake sayarwa a kasuwa su ma suna da dalma, don haka farar ƙasa da gawayi da jar ƙasa daga wuri mai tsabta sun fi. Rigakafi ya fi magani.

Har yanzu akwai zinare a ƙarƙashin Bagega, kuma talauci zai ci gaba da kai mutane rami. MSF ta miƙa aikin kula da masu gubar ga hukumomin jihar Zamfara a 2022. Abin da ya rage shi ne kada a manta, kuma a nan ne alli da burushin ɗalibi suke da aiki. Wanda ajinsu ya yi zanen, ya aiko mana da hotonsa, za mu buga a wannan shafi.