Sabaloka, Inda Kogin Nilu Ya Ratsa Duwatsu



Mutanen Sudan suna kiran wurin Shallal Sabaloka. Wanda ya ji sunan sai ya zaci ruwa ne mai zubowa daga bisa tsauni, irin na Gurara a Nijeriya. Ba haka yake ba. Kogin Nilu ne da kansa, bayan Farin Nilu da Shuɗin Nilu sun gamu a Mugran, yake yin arewa kimanin kilomita 80 daga Khartum, sai duwatsu su matse shi, ya riƙa tafasa yana ruri a tsakaninsu. Irin waɗannan matsatsu shida aka lissafa daga Aswan zuwa nan, Sabaloka ne na shida. Na biyu ya nutse a tafkin madatsar Aswan, na huɗu kuma madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009, ta haɗiye shi.

Mu da muke ɗinki a Suk al-Arabi ba mu san hutu ba sai Juma'a. A 2018 muka haɗa kuɗi da maƙwabta, muka yi hayar mota, muka bi hanyar Shandi da mata da yara da mahaifiyata. A bakin kogi akwai rumfuna da gadajen igiya, ana soya kifi, mata suna dafa shayi da gahawa. Jirgin ruwa ya zaga da mu tsibirai, sannan muka ɗauki ƙaramar hanyar da ta hau dutse. Hawan ba shi da tsawo, amma tsakuwa tana zamewa, rana kuma ba ta ragwanta wa kowa.

Daga ƙoli ana ganin kogin kamar igiya, da siririn kore a gefensa, bayan haka sai hamada. Ta wannan mashigi jiragen yaƙin Kicina suka bi a 1898, kafin yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba.

Mahaifiyata ba ta hau ba. Da muka sauko na ce, "Inna, kin yi asarar kallo." Ta ce, "Ɗan nan, kakanka daga Damagaram ya tako da ƙafa yana nufin Makka. Kallon dutse ya riga ya yi mana. Ku dai ku nuna wa yaran ƙasar da aka haife su."

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Aka washe Suk al-Arabi, gine-gine da yawa suka ƙone, iyalinmu suka watse, wasu Bur Sudan, wasu Masar. Sojoji sun karɓe tsakiyar Khartum a Maris 2025, amma abin da wuta ta ci ba ya dawowa a rana guda. Abin da na lura shi ne, idan aka tambayi 'ya'yana ƙasarsu, ba ƙarar bindiga suke fara ambata ba, kogi ne da dutse.

Saboda haka, ya iyaye, kada ku jira sai aljihu ya cika. Duk wanda yake da kogi ko tsauni kusa da garinsu, kuma hanya tana lafiya, ya ɗauki iyalinsa ya kai su. Ku riƙe ruwan sha, ku hau da sanyin safiya, kada ku bar yaro ya shiga inda ruwa ke juyawa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.