Hannu Biyu Da Curin Yumɓu

Mu shida aka damƙa wa aikin: mu shirya zane mai motsi na minti biyu, wanda za a riƙa haskawa a gefen wani kan mutum-mutumin Nok a wani gidan tarihi. Da muka yi lissafi, zane 12 a kowace daƙiƙa, sai ga zane 1,440 a gabanmu. Yawan aikin bai razana mu ba. Abin da ya kusa raba kanmu shi ne bakin mutum-mutumin.

Mu biyar mun so kan ya yi magana, ya ba yara labarinsa da Hausa: yadda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irinsa a 1928, da yadda wani da aka tono a 1943 ya yi zaman mutum-mutumin tsoratarwa a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Har mun zana leɓɓa, mun zaɓi mai murya. Sai ta shidanmu, 'yar kudancin Kaduna, ta ce, "Wa ya gaya muku Bahaushe ne?"

Hakika maganar ta yi mana ɗaci, domin mu ɗaliban Hausa ne, kuma mun saba ɗaukar harshenmu a matsayin rigar da ke shiga kowa. Amma gaskiya ta faɗa. Mutanen nan sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba su bar rubutu ba, sunan Nok ma na ƙauyen da aka tono su ne. Mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita, aiki kuwa ya tsaya cik.

Ita ce dai ta kai mu wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane. Muka wuni muna kallon yatsunta suna murza yumɓu, suna ɗora shi zagaye bisa zagaye. A nan muka watsar da leɓɓan, muka koma zana hannu biyu: suna gina kai mai rami a ciki, suna gyara kitso, suna huda idanu, hudar da ke taimaka wa iska ta fita kada wuta ta fasa shi. Ba mu sa murya ba, sai ƙarar itace yana ci.

Ranar buɗewa mun tsaya a baya. Wata yarinya ta kalla sau uku, yatsunta na murza gefen mayafinta. Ɗayanmu, wanda ya zana leɓɓan, har yau suna nan a jakarsa.